Sawun Ido

Ɗakin gwajinmu ba shi da taga.
A ƙarƙashin bene yake, a Turku,
inda ranar Disamba kan leƙo
kamar mai bin bashin da ta san ba za a biya ba,
ta juya abinta.

Shekara ta uku ke nan ina bin sawun ido
don digirin da mahaifiyata ba ta iya faɗin sunansa.

Ɗora haɓa a nan. Jingina goshi.
Bi ɗigon nan, sama, ƙasa, kusurwa.
Kyamara tana ƙirga baƙin idonka
sau dubu kafin ka haɗiyi yawu.

Abin da na fara koya ya hana ni barci:
ido ba tafiya yake ba, tsalle yake,
uku, huɗu, a kowace daƙiƙa,
kuma a tsakiyar tsallen, makaho ne.
Ƙwaƙwalwa ce ke ɗinke ɓarakar,
tela mai aikin dare,
ta miƙo maka duniya ba ko alamar zare.
Na daɗe gaban madubi ina dakon idona ya motsa.
Ban taɓa kama shi ba.

Hoto na goma sha bakwai: bakin teku,
mace da jar riga tana ɗaga hannu,
ƙaramin jirgi ɗaure da turke.
Ɗalibai arba'in da ɗaya suka kalla
don tikitin silima da muke biyansu da shi.
Kowa fuskar matar ya fara dira,
cak, kamar ƙuda a bakin kofi.

Na arba'in da biyu Taisto Rannikko ne,
shekara saba'in da takwas,
tsohon matuƙin jirgin fito tsakanin tsibirai.
A ɗakin karatu ya ga sanarwarmu.
Ya ce gidan ya yi masa shiru da yawa.

Sawunsa ya fito a allo, jan zare:
turke, igiya, gefen girgije,
ruwa, ruwa, igiya kuma.
Daƙiƙa takwas.
Ko sau ɗaya bai taka fuskar ba.

Na ce, ka ga matar?
Ya ce, wace mata?
Wanda ya ɗaure jirgin nan bai iya ƙulli ba,
kuma iska za ta juya kafin dare.

Na nuna masa da bakin biro.
Ya yi shiru har na ji kukan fankar kwamfuta.

Ya ce, Orvokki ma haka take cewa.
Shekara arba'in tana ɗaga min hannu daga gaɓa,
ni ina duban igiya.
Ya murza hularsa. Ya ce, a watan Mayu ne.
Bai ƙarasa ba, ban tambaya ba.

Sai ya ce, maido min hoton.

Na riga na kashe kyamara.
Ba ni da lamba ko ɗaya ta wannan kallon,
ba tsawon tsayawa, ba nisan tsalle.
Na dai ga gilashinsa ya yi hazo,
ya cire, ya goge da bakin riga, ya mayar.

Washegari Farfesa Saarnio ta zagaye layinsa da fensir.
Wannan ya kauce wa sauran, in ji ta,
zai ja mana lissafi gefe. Cire shi.
Gaskiyarta. Na cire.
A babi na huɗu, ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe:
an ware mutum ɗaya.

Amma na buga jan zaren a takarda,
yana manne bisa teburina,
rami fari a tsakiyarsa, daidai girman fuska.

Ƙarfe huɗu, gari ya riga ya yi duhu.
Ina bin gefen kogin Aura zuwa gida,
ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi,
ina makancewa sau uku a daƙiƙa
kamar kowa a kan gadar nan.
Waya ta yi ƙara a aljihu. Mama ce.
Jiya ma ta kira.
Na cire safar hannu da haƙori.